Auta da takardar shiga jami'a: nazarin shawarar da wani gida ya yanke a Rijiyar Lemo

Wata Juma'a a ƙarshen shekarar 2024, bayan an sauko daga masallaci, yayata ta aiko a kira ni. Ba ta saba irin wannan aike ba, in magana ƙarama ce waya take yi. Na tarar da ita a tsakar gida a kan tabarma, ta danne wata takarda da faranti don kada iska ta ɗauke. Takardar shiga jami'a ce ta autanta. Ta tura mini ita ta ce, "Karanta ka gani. An ba shi, ya ce ba zai je ba."

Ni malamin Fiziks ne a wata sakandaren gwamnati, shekara goma sha tara ina riƙe da alli. Duk shekara ina ganin yara sun iso wannan mararraba, in ba su shawarar minti biyar a bakin ofis, su tafi, ban ƙara sanin yadda ta kaya ba. Wannan ne karon farko da na bi lamarin yaro ɗaya tun daga tushe, don a gidanmu ya faɗo. Ba zan kama sunan kowa ba. Yaron, Auta muke ce masa. Wansa ɗan fari ne, uwarsa ma ba ta kama sunansa, "yayanku" take cewa, to ni ma Yayansu zan ce.

Gidan da abin ya faru

Mijin yayata, Allah ya jiƙansa, fita ne, wato mai gyaran inji, a ɗaya daga cikin masaƙun Sharaɗa. Ya yi shekara ashirin da wani abu yana kwance inji yana ɗaurawa. In inji ya tsaya da tsakar dare, shi ake zuwa a tasa. Amma duk lokacin da aka tashi ƙarin girma sai a kawo wani saurayi mai takarda a ɗora a kansa, shi zai koya masa aikin, shi kuma zai riƙa ce masa ranka ya daɗe. Da masaƙun Kano suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya, ga rashin wuta, ga tsadar baƙin mai, ga yadin waje da ya cika Kantin Kwari, tasu ma ta bi sahu. Masu takarda wasu suka shige gwamnati, wasu banki. Shi ya koma gyaran janareto a bakin titi har Allah ya karɓi ransa. Ya bar wa matarsa gida mai ɗaki uku, da 'ya'ya uku, da magana ɗaya da ya yi ta nanatawa yana jinya: ko gadon kwananta za ta sayar, yaran nan su yi karatu.

Ta kuwa riƙe maganar. Yayansu ya shiga jami'a a 2017, ɓangaren nazarin zamantakewa, kwas na shekara huɗu. Yajin aikin malaman jami'o'i ya same shi daga Nuwamban 2018 zuwa Fabrairun 2019. A 2020 aka sake wani daga Maris har Disamba, ga kullen korona a kai. A 2022 aka rufe ajujuwa daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Shekara huɗu ta zama shida. A cikin shekarun nan uwarsa ta sayar da tasoshinta da 'yan kunnen aurenta, ta shiga adashi biyu, tana ɗinki da dare tana ƙulla zoɓo da safe. Ya yi bautar ƙasa lokacin alawus yana naira 33,000. Da ya dawo sai ya samu koyarwa a wata makarantar kuɗi a unguwa, albashin bai kai rabin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 ba. Da yamma yana zama a rumfar POS ta wani abokinsa.

Auta kuwa tun yana aji biyu a ƙaramar sakandare, bayan rasuwar uban, ya fara bin wani maƙwabcinsu mai wayarin. Da farko riƙe tsani ne da miƙa fulaya. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000, sai duk mai ɗan hali a Kano ya fara ajiye janareto yana neman sola. Masu shagon ƙanƙara, masu cajin waya, masallatai, gidajen da ke da bohol. Ogan Auta ya koma aikin sola gadan-gadan, aiki ya yi masa yawa, Auta ya zama na hannun damansa. Kafin ya gama aji shida yana iya yi wa gida wayarin shi kaɗai, yana hawa kwano kamar ƙadangare, kuma ranar da aka yi aiki ba ya dawowa hannu rabbana. Kuɗin fom ɗin JAMB ma shi ya biya wa kansa.

Ya ci 187 cikin 400. Ba shi kaɗai ba ne, a jarrabawar 2024 kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda suka zauna ba su kai 200 ba. Injiniyan lantarki ya nema, kuma da wannan maki babu mai ba ka shi. Aka tura shi wani kwas a tsangayar ilimi. Wannan abu yana ci mini rai a matsayina na malami: wurin da ake horar da waɗanda za su koyar da 'ya'yanmu ya zama inda ake juye duk wanda bai samu abin da ya nema ba. Amma wannan maganar wata rana ce.

Zaman da aka yi

Ranar Lahadi bayan la'asar aka zauna. Ga yayata, ga ni, ga Baffan yaran, wan ubansu, mai shago a Kantin Kwari. Yayansu ya zauna a gefe a kan turmi. Auta ya durƙusa can bakin ƙofa, kansa a sunkuye.

Baffa ne ya fara. Ya ce, "Umman yara, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Da na gaba ake gane zurfin ruwa. Wannan ya yi shekara shida, me ya kawo? Wannan kuwa ko sakandare bai gama ba ya fara sa hannu a cefane. Alhassan Ɗantata wace jami'a ya je?"

Na dubi fuskar Yayansu. Bai ɗago ba. Can ya ce a hankali, "Baffa, ni ban ce na yi asara ba. Amma da na san haka za ta kasance, da na haɗa da wani abin." Duk zaman ba wanda ya yi maganar da ta fi wannan nauyi, kuma ba wanda ya tsaya a kanta.

Ni a ɓangaren yayata na shiga zaman. A Jami'ar Bayero na yi digirina, da shi nake ci da iyalina, kuma ko yau aka mayar da ni baya can zan koma. Na ce da Baffa cikin ladabi, zamanin Ɗantata daban, ya rasu tun 1955, kuma tattaɓa-kunnensa Aliko Ɗangote da ake misali da shi sai da ya je Jami'ar Azhar ta Masar. Na ƙara da cewa shi kansa Baffa 'ya'yansa biyu ma ai suna jami'a, ɗaya lissafin kuɗi yake karantawa.

Amsar da ya ba ni har yau tana kaina. Ya ce, "Malam, su in sun fito ina da abin da zan ba su. Shago na nan, jari na nan, mutanen da zan kira a waya suna nan. Shi wannan maraya, in ya fito da takardar, wa zai ba shi?" Ban samu abin cewa ba, don gaskiya ya faɗa. Digiri a garin nan kamar iri ne, yana buƙatar gona. Ɗan mai shago yana da gona, ɗan babban ma'aikaci yana da ita. Ɗan mai ƙulla zoɓo sai ya fito da irinsa a hannu yana zagaya ofisoshi, daga sakatariyar Audu Baƙo zuwa kamfanonin Bompai, ana ce masa ya ajiye takardunsa za a neme shi.

Aka ce Auta ya yi magana. Ya ce, "Umma, wallahi ba karatu nake gudu ba. Kwas ɗin ne ba shi nake so ba. In na tafi shekara huɗu Oga zai ɗauki wani, mutanen da suka san hannuna za su manta da ni. In na fito kuma nan ɗin dai zan dawo, in fara daga inda na tsaya."

Uwarsa ta ce, "To wasiyyar ubanku fa?"

Aka yi tsit. Baffa ya share ido da bakin hularsa, don shi ma ya ji maganar daga bakin ƙanensa. Aka kira magariba ba a cim ma komai ba. Da muke fita ta ce da mu, "Ku yi yadda kuka ga ya dace," da muryar da kowa ya san ba yarda ba ce.

Lissafin da na yi

A daren nan na ɗauki takarda da biro. Kuɗin rajista a jami'o'in tarayya ya yi tashin gwauron zabo a 2023, har gwamnatin Kano ta ware naira miliyan 700 don biya wa ɗalibai 7,000 'yan jihar da ke Jami'ar Bayero. Akwai kuma asusun lamunin ɗalibai na NELFUND da ya fara aiki a 2024, yana biyan kuɗin makaranta, yana ba da naira 20,000 a wata, babu kuɗin ruwa, sai shekara biyu bayan bautar ƙasa ake fara biya. Na kai wa yayata wannan labari ina murna. Ta ce, "Maraya da bashi tun bai fara nema ba? A'a." Na yi bayani har na gaji, ba ta sauka ba. Amma ko da ta yarda, rajistar ba ita ce babban nauyi ba. Kuɗin adaidaita sahu ne kullum zuwa da dawowa, da abincin rana, da takardun da ake sayarwa, da kuma abin da ba wanda yake sawa a lissafi, wato kuɗin da Auta yake kawowa gida, wanda zai tsaya cak shekara huɗu in ba a yi yajin aiki ba.

Da na juya takardar na lissafa ɗaya ɓangaren, shi ma ban ga abin da zai sa in yi barci ba. Shekara biyar Auta yana wurin Oga, amma ba a taɓa yanka ranar yaye shi ba. Babu rubutu, babu shaida, babu albashi tsayayye, abin da Oga ya ga dama ranar shi ne rabonsa. Na san yaran shago a Ƙofar Ruwa da Farm Centre da suka yi furfura suna jiran a sallame su. 'Yan kasuwar Ibo da ke Sabon Gari sun fi mu tsari a nan, tun ranar da aka kawo yaro ake faɗar shekarun da zai yi, in ya cika kuma ubangidan ya ba shi jari. Mu sai a ce "ai ɗana ne", kuma wannan kalma mai daɗi ita ce take hana a yi maganar haƙƙi. Ga haɗari, yaro yana hawa kwanon bene ba igiya ba hular kwano, in ya faɗo asibiti a kan uwarsa. Ga kuma abin da ya cinye ubansa: ranar da babban aiki ya fito, na asibiti ko na kamfani ko na gwamnati, takarda za a tambaya, kuma mai takardar ne zai karɓi kwangilar ya ɗauki Auta leburanci.

Ina cikin wannan jujjuyawa wa'adin rajista ya wuce. Ba wanda ya yanke hukunci, lokaci ne ya yanke. Haka ake yi a gidaje da yawa, a bar magana ta mutu da kanta sannan a ce haka Allah ya ƙaddara.

Abin da ya faru a kan kwano

A watan Janairu, ana tsakiyar hunturu, Oga ya samu aiki biyu rana ɗaya. Ya tafi ɗaya, ya tura Auta ɗaya gidan a Na'ibawa shi da wani ƙaramin yaro. Mai gidan ya sayo kayansa da kansa, manyan fanal huɗu, wato farantan sola, masu wat 550, da kontirolar caji mai tsada, da batura. Auta ya hau, ya ɗaura ƙarafa, ya fuskantar da fanal ɗin kudu kamar yadda ake yi a Kano, aiki tsaf ba inda za ka kushe. Sannan ya jera huɗun a layi ɗaya, jan wayar wannan cikin baƙar wancan, ya sauko da su cikin kontirola. Washegari da hantsi kontirolar ta yi ƙara ta fitar da hayaƙi. Kuɗinta ya fi albashina na wata.

Mai gida ya ce sai an je ofishin 'yan sanda. Oga ya zo ya ce shi bai ce a yi haka ba. Sai da Baffa ya bar shagonsa ya je ya ba da haƙuri, ya biya rabi, sauran rabin aka ce za a riƙa cira daga abin da ake ba Auta. Kwana uku yaron bai ci abincin kirki ba. Uwarsa ba ta ce masa komai ba, kuma shirun ya fi faɗa ciwo.

Ranar Asabar na ce ya kai ni gidan. Muka roƙi mai gida ya bar mu mu hau. Na ce ya ɗaga fanal ɗaya ya karanta mini abin da ke manne a bayansa. Ya karanta: bolt 49 da ɗigo 5, in ba a haɗa shi da komai ba. Na ce, huɗu a layi ɗaya fa? Ya lissafa a wayarsa, 198. Muka sauko, na nuna masa jikin kontirolar da ta ƙone, an rubuta ƙarara iyakarta bolt 150. Na ƙara masa da cewa sanyi yana ƙara wa fanal bolt, shi ya sa da safiyar hunturu abin ya fi muni.

Na tambaye shi me ya sa ya jera huɗu. Ya ce haka Oga yake yi kullum. Gaskiya ne kuma, sai dai da ƙananan fanal Oga yake yi, waɗanda kowanne bai wuce bolt 22 ba, huɗu ba su kai ko 90 ba. In manya ne Oga ba ya wuce biyu a irin wannan kontirola. Ya san haka da gogewa, wataƙila shi ma ya taɓa ƙona wata, amma bai taɓa faɗa wa yaron dalili ba. Ba na zargin mutumin. Firamare kawai ya yi, hannunsa ya fi na injiniyoyi da yawa, kuma shi ya riƙe maraya lokacin da ba wanda ya riƙe shi. Yadda aka koya masa haka yake koyarwa, kalli abin da nake yi ka yi.

Auta ya daɗe yana kallon lambobin nan. Sai ya ce, "Kawu, wannan ba shi ne abin da ake zana mana a allo a aji biyar ba? Na jeri da na gefe-da-gefe?"

Shi ne. Ni kaina na zana shi a allo ya fi sau ɗari. Yaron yana da kiredit a Fiziks, ya haddace ƙa'idar ya zuba a jarrabawa, kuma shekara biyar yana taɓa abin da hannunsa, amma bai taɓa sanin cewa duk abu ɗaya ne ba. A aji ba mu da batir ko ɗaya da za mu nuna, a shago ba a buɗe littafi. Ilimin allo da ilimin hannu suna zaune a kan yaro ɗaya ba sa ga maciji. Wannan laifinmu ne mu malamai da masu tsara karatu kafin ya zama laifin Oga. Tsarin 6-3-3-4 da aka kawo a shekarun 1980 don haɗa su aka yi shi, yaro ya taɓa katako da ƙarfe da waya tun a ƙaramar sakandare, amma a makarantu da yawa injinan da aka sayo a cikin akwatunansu suka yi tsatsa, babu wuta babu malami.

A kan dakalin gidan nan muka zauna har azahar. Shi yake tambaya yanzu. Me ya sa kwastomomi suke dawowa bayan 'yan watanni su ce batir ya mutu? Muka lissafa, batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗaukar wat 2,400 na awa ɗaya, kuma in na ruwa ne bai kamata a sha fiye da rabi ba, amma sai a ɗora masa firiza da fanka uku har asuba. Me ya sa waya take zafi tsakanin batir da inbata? Don inbata mai jan wat 2,400 a kan bolt 24 tana jan amfiya 100, siririyar waya ba za ta ɗauka ba, kuma daga nan gobara take tashi. Ban taɓa samun ɗalibi mai yunwar lissafi irin ta ranar nan ba.

Hanyar da ba wanda ya ambata a zaman farko

Daga ranar na sauka daga matsayina, amma ban koma na Baffa ba. Ba kowane yaro ne jami'a za ta amfana ba, kuma tura Auta ya yi shekara huɗu a kwas ɗin da ba ya so don kawai a ce ya yi digiri zalunci ne a kansa da kan aljihun uwarsa. Barinsa kuma a shago da ilimin kallo shi ne a sake haifar ubansa. Kano ba ta taɓa raba karatu da sana'a ba sai a zamaninmu. Sunayen unguwanninmu ma shaida ne, Dukawa, Soron Ɗinki, marinar Ƙofar Mata, kuma malaman zaure nawa ne suke ba da karatu da asuba su wuni suna ɗinkin hula ko suna zaune a Kurmi?

Abin da ya ba ni kunya shi ne, mu biyar muka zauna, har da ni malami, ba wanda ya ambaci hanyoyin da ke tsakiya. Akwai hukumar NABTEB tun 1992, tana shirya jarrabawar sana'o'i har da aikin lantarki, kuma tana da zama na ƙarshen shekara ga wanda ba ya makaranta. Akwai gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, daga mataki na uku zuwa na ɗaya. Hukumar NEMSA tana ba masu wayarin takardar shaidar ƙwarewa. Majalisar COREN mai kula da aikin injiniya ba injiniyoyi masu digiri kaɗai take yi wa rajista ba, har da masu difloma da masu sana'ar hannu. Ga kwalejojin fasaha na jiha, ga foli, wato manyan kwalejojin kimiyya da fasaha. Duk suna nan, amma a idon iyaye wurin waɗanda suka faɗi ne, kuma bambancin da ake nuna wa mai babbar difloma da mai digiri a wurin aiki yana ƙara musu hujja.

Aka sake zama, wannan karon har da Oga da mai unguwa. Da ƙyar Oga ya yarda a rubuta, ya ce an mayar da shi baƙo. Baffa ne ya lallashe shi da harshen kasuwa, ya ce rubutu ba rashin yarda ba ne, Alƙur'ani ma ya ce in an ƙulla bashi a rubuta. Aka yanka shekara biyu a yaye Auta da kayan aiki, aka kuma amince Asabar da Lahadi nasa ne. Ya samu gurbin ƙaramar difloma a fannin lantarki a wata kwalejin fasaha mai karatun ƙarshen mako. Ya fi na kullum daɗewa, kuma masu irin wannan karatu ba a tura su bautar ƙasa. Na faɗa wa uwarsa haka tun farko don kada ta ji daga baya.

A wannan zama na biyu ne Yayansu ya yi wata tambaya da ta sa kowa ya sunkuyar da kai. Ya ce kuɗin adashin da Umma ta tara don rajistar Auta, me zai hana a ba 'yar'uwarsu? Yarinyar ita ce tsakaninsu. Ta gama sakandare shekara biyu kafin Auta, sakamakonta ya fi na su biyun, kuma tun tana ƙarama aikin ungozoma take so. Ta zauna a gida tana taya uwarta ɗinki saboda lokacin kuɗin duk a kan Yayansu yake tafiya. A zaman farko ita ta kawo mana ruwa ta koma ɗaki, ba wanda ya tuna da ita, har da ni. Wadda ta fi cancantar karatun gaba a gidan ke nan, don karɓar haihuwa ba a koyonsa da kallo a shago, kuma duk wanda ya taɓa kai mace asibitin Murtala da dare ya san yadda ake neman ma'aikatan lafiya mata a garin nan.

Inda aka kwana

Abubuwa ba su daidaita duka ba. Yarinyar ta nemi kwalejin koyon jinya da ungozoma, ba ta samu a karon farko ba, masu nema sun yi yawa. Tana shirin sake nema, kuɗin yana hannun Baffa ya juya shi kafin lokaci. Auta ya faɗi darasin lissafi a zangon farko, don ranar Asabar ce aka fi samun aiki, kuma sau da yawa Oga yana mantawa da alkawari in kwastoma ya matsa. Na je mun yi magana sau biyu. Yanzu duk daren Alhamis yaron yana zuwa gidana da littafinsa, wani lokaci ya yi gyangyaɗi a kan tabarma kafin mu gama shafi ɗaya. Bashin kontirola ya gama biya. Ba ya ƙara hawa kwano sai ya juya fanal ya karanta bayansa, har Oga ya fara miƙo masa takardar da ke cikin kwali ya ce ya duba masa.

Yayansu shi nake ji wa. Shi yake rubuta wa Auta takardar farashi in aikin makaranta ko na asibitin kuɗi ya fito, kuma rubutun nasa ya sa sun samu aiki biyu da da ba za su samu ba. Baffa da kansa ya ce ashe bokon na da rana. Amma na ga ba ya jin daɗin zama magatakardan ƙanensa. Har yanzu yana cike fom duk inda aka buɗe ɗaukar aiki, kuma ya fara maganar digiri na biyu, ni kuwa na rasa ko in ƙarfafa shi ko in hana shi.

Kwanan baya na je gaishe da yayata da daddare, unguwar duk duhu, gidanta kaɗai da haske. Auta ya haɗa mata ɗan fanal ɗaya da batir, ƙwai biyu da fanka, tana ɗinki ba tocila a baki. Ta buɗe akwatinta za ta ɗauko mini wani abu, sai na hango takardar jami'ar nan a ninke, tare da katin aikin mijinta na masaƙa. Ta ga na gani, ta mayar da murfin.

Da na tashi tafiya ta rako ni har soro. Ta ce, "Wannan diflomar da yake yi, in sun gama, su ma ana sa musu rigar nan da hula?"

Na ce, "Ana sawa, Yaya."

Ta ce, "To, Allah ya nuna mana."